Tsallaka mashigin Pentland zuwa Orkney

Jirgin ƙasa daga Inverness ta ƙasar Scotland sai ya ci kusan awa 4 kafin ya kai Thurso, kuma babu tashar da ta fi ta nisa a arewacin Birtaniya. Daga nan 'yar tafiya ce zuwa Scrabster, inda ake shiga jirgin fito mai tsallaka mashigin Pentland zuwa tsibiran Orkney. Ƙarshen watan Satumba ne, ni da wani abokina Bakatsine da ke karatu a Aberdeen. Da muka ga ana ɗaure manyan motoci da sarƙa a cikin jirgin, ya dube ni ya ce, "Malam, anya kuwa? Wannan ɗauri ba na lafiya ba ne." Na ce masa ai minti 90 ne kacal, ya yi addu'ar shiga abin hawa mu tafi.

Minti 90 ɗin nan sun yi tsawo. Muna fita daga inuwar gaɓa jirgin ya fara hawa yana gangara, kofunan shayi na zamewa a kan tebur, wata ma'aikaciya na bi tana raba jakunkunan takarda ba tare da ta tambayi kowa ba. Abokina ya karɓi biyu. Ni kuwa na fita waje na riƙe ƙarfe, iska na watsa mini ruwan gishiri a fuska, don an ce mai jiri ya kafa ido a kan abin da ba ya motsi. Abin da na samu shi ne dogon dutsen nan na Old Man of Hoy, mai tsayin mita 137, tsaye shi kaɗai a gefen tsibirin Hoy.

Abin da ke sa mashigin Pentland hauka ba boyayye ba ne. Tekun Atilantika na yamma, Tekun Arewa na gabas, tsakaninsu wannan matsatsi mai faɗin kimanin mil 7. In teku ta cika ruwa ya kwarara gabas, bayan awa 6 ya juyo yamma, da gudun da ba kasafai ake samun irinsa a duniya ba. Idan ruwa ya nufi yamma, iska mai ƙarfi kuma ta taso daga yamma, sai su yi karo, raƙuman ruwa su miƙe tsaye. Akwai wurin da wannan karo ya fi muni, daga gaɓar Mey zuwa Hoy, inda ruwa ke tafasa kamar tukunyar talge.

Wani dattijo ɗan Orkney da ke tsaye kusa da ni, hannu a aljihu kamar yana ƙofar gidansa, ya ce mun zo daidai lokacin faɗa. Na ce, "Baba, faɗan su wa?" Sai ya ba ni labarin Uwar Teku da abokin gabarta Teran. Uwar Teku ita ke mulkin bazararsu, ta kwantar da ruwa, kifi ya hayayyafa. Teran shi ne mai hunturu da guguwa. A watan Maris sukan gwabza, ta ci nasara ta ɗaure shi a ƙarƙashin teku. Zuwa Satumba ta gaji, sai ya tsinke, su sake gwabzawa, ya kore ta har wata shekara. Ni dai da na ji, sai na ga wannan kalandar masunta ce aka sa mata rigar tatsuniya, don yaro ya haddace watannin da ba a wasa da ruwa.

A wuyan Uwar Teku ma aka rataya tsare Nuckelavee, dodon da ya fi kowanne muni a labaransu: doki ne da gangar jikin mutum manne a gadon bayansa, ba fata ko kaɗan, ana ganin baƙin jini na gudu a jijiyoyi, numfashinsa na ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi. Amma yana da lago. Ba ya iya taɓa ruwan daɗi, don haka wanda ya kai rafi ya tsallake ya tsira. Na lura labaransu kusan duk haka suke, kowace masifa da maganinta. A Stromness, garin da muka sauka, an yi wata tsohuwa Bessie Millie a farkon ƙarni na 19 da ke sayar wa matuƙa iska mai kyau a kan sisi. Ta dafa ruwa a butarta ta yi addu'a, su biya su tafi da kwanciyar hankali. Wai ba a taɓa rasa iskar ba, sai dai wani lokaci a daɗe ana jira.

Tarihinsu kuwa bai zo da rafin tsallakewa ba. A kan tsaunin Marwick Head akwai hasumiyar tunawa da Kitchener, babban hafsan sojan Birtaniya wanda ya ci Omdurman a Sudan a 1898. Ranar 5 ga Yunin 1916 ya shiga jirgin yaƙi Hampshire zai je Rasha, guguwa ta tsananta har aka mayar da jiragen rakiya, jirgin ya taka nakiyar Jamusawa. Mutum 12 suka tsira, 737 suka mutu, har da shi. Ban daɗe a wurin ba, iska ba ta bar mu mu tsaya da kyau ba.

Inda na daɗe shi ne maƙabartar Osmondwall, kusa da ƙauyen Longhope. Akwai mutum-mutumin tagulla na wani mai aikin ceto sanye da rigar ruwa, yana fuskantar teku, kaburbura na gabansa. Daren 17 ga Maris 1969 aka kira jirgin ceto na Longhope, mai suna TGB, ya kai ɗauki ga wani jirgin dakon kaya, Irene. Mutum 8 suka fita, kuma masu aikin ceton nan galibi 'yan sa-kai ne, kowa da sana'arsa. Washegari aka tsinci jirginsu a kife, ba wanda ya rayu. A cikinsu akwai matuƙin, Dan Kirkpatrick, da 'ya'yansa biyu, da wani uban shi ma da 'ya'yansa biyu, duk daga ɗan ƙauyen Brims. Abokina ya bi sunayen da yatsa yana karantawa, da ya ga sunan gida ɗaya sau uku sai ya ce, "Inna lillahi," ya koma gefe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen Irene duk sun tsira: jirginsu ya kafe a gaɓar tsibirin South Ronaldsay, aka jawo su tudu da igiya. Bayan wannan da irinsa da ya faru a Fraserburgh a 1970, aka dage wajen ƙera jiragen ceto masu miƙewa da kansu in sun kife.

Kada a ce wannan zamanin da ne. Ranar 2 ga Janairun 2015 jirgin dakon siminti Cemfjord, da ya taso daga Aalborg ta Denmark, ya shiga mashigin lokacin da ruwa ke karo da guguwa. Ya kife ko kiran neman agaji bai samu yi ba. Sai washegari wani jirgin fasinja ya hangi gindinsa a sama. Ma'aikata 8, bakwai 'yan Poland da ɗan Filifin guda, ba a ga gawar ko ɗaya ba.

Mun dawo ta ɗaya hanyar, daga St Margaret's Hope zuwa Gills Bay, wadda ke bi ta gefen tsibirin Stroma. A arewacinsa ne ruwa ke juyawa yana haɗiye abin da ya samu, ana kiran wurin Swelkie. Labarin da suka gada daga mutanen Norwe ya ce wani sarkin teku ne ya sace dutsen niƙa na tsafi da ƙattin mata biyu masu juya shi, Fenia da Menia, ya sa su niƙa gishiri ba hutawa, har nauyi ya nutsar da jirgin. Dutsen na can ƙasa yana juyi, shi ya sa teku ke da gishiri, ruwan da ke bi ta idonsa kuma shi ne Swelkie. Mutanen Stroma sun ci abinci da wannan ruwa, suna yi wa baƙin jirage jagora, suna kwasar abin da ya fito daga waɗanda suka fashe. Iyalin ƙarshe sun tashi a 1962, gidajen na nan tumaki na shiga suna fita. Tsakanin tsibirin da gaɓar Caithness ta arewacin Scotland kuwa an dasa injinan MeyGen a ƙarƙashin ruwa, gudun ruwan na juya su suna ba da lantarki.