Laraba: rauta biyu a gida ɗaya

Ko karyawa ban yi ba Hajiya ta ƙasa ta aiko yaro, wai intanet ya mutu, ga shi jiya-jiyan nan ta ba da kasonta na kuɗin wata. Mu huɗu ne muke karo-karo a kan layi ɗaya, rautar kuma, wato na'urar da ke raba mana intanet, a ɗakina take, don haka ko tari ta yi ni ake nema.

Ni kuwa wayata lafiya lau take aiki. Na sauka, na gaishe ta, na buɗe kwamfutar jikanta na buga ipconfig, umarnin da ke nuna lambar adireshin kwamfuta. Na ɗauka zan ga lamba mai farawa da 169.254, wadda kwamfuta ke laƙaba wa kanta idan ta nemi adireshi ba a ba ta ba. Sai na ga 192.168.0.104, ƙofar fita zuwa intanet kuma 192.168.0.1. Tamu rautar 192.168.1.1 ce. To wa ya ba kwamfutar wannan?

Na yi wa ƙofar ping, wato ɗan saƙon gwaji, ta amsa nan take. Na gwada 8.8.8.8 na Google, shiru kake ji. Ƙofa dai akwai, amma ba ta kai ko'ina.

Ashe Malam na sama ne ya sayo ƙaramar rauta shekaranjiya don sigina ya kai ɗakinsa, ya soka wayarmu a ramin LAN, inda ake jona na'urorin gida, ya bar DHCP ɗinta, wato sashen da ke raba adireshi, a kunne. Masu rabon adireshi sun zama biyu ke nan, wadda ta riga amsawa ita ake bi. Da aka dawo da wuta cikin dare tasa ta riga tamu tashi, ta yi ta raba lambobi tana nuna kanta a matsayin ƙofa.

Na ce, "Malam, aron rautarka na minti goma." Ya ce ai sabuwa ce fil, me zai same ta? Ban ja ba. Na kashe mata DHCP, na ba ta 192.168.1.2, tunda tamu daga 192.168.1.100 take fara rabo, ba za a yi karo ba. A wurin Hajiya na buga ipconfig /release, sannan /renew, don kwamfutar ta saki waccan lambar ta nemi sabuwa, lambar gida ta dawo.

Gyaran bai kai kwata ba, hawa da sauka ne suka ci min safiya. Hajiya ta aiko da kunu da ƙosai. Malam kuwa har da la'asar yana tambaya ko ban rage wa rautarsa ƙarfi ba.