Muryar Julie Andrews: yadda aka gina ta da yadda ta salwanta

An haifi Julie Andrews ranar 1 ga Oktoba 1935 a garin Walton-on-Thames na Ingila. Mijin mahaifiyarta ne ya fara lura da muryarta, daga baya aka danƙa ta hannun Lilian Stiles-Allen, malamar da ta nace mata a kan fitar da kowane harafi tsaf. Tana da shekara 13, a 1948, ta rera waƙa a gaban Sarki George na Shida. A 1954 ta hau dandamalin Broadway, cibiyar wasannin daɓe ta birnin New York.

Aikin da ya gwada ƙwazonta shi ne wasan daɓe mai waƙoƙi, My Fair Lady, a 1956, inda ta fito a matsayin Eliza, 'yar tallar furanni. Rawar tana cin murya ƙwarai. A farkon wasan sai ta yi ta ɗaga harshe da ihu irin na 'yan kasuwar Landan, wanda ke matse maƙoshi, can kuma ta koma rera waƙa da siririyar murya mai tashi sama, wadda ke son maƙoshi a sake. Sau takwas a mako ake wasan daɓe a Broadway, kuma a lokacin ba a maƙala wa 'yan wasa makirfo a jiki kamar yau. Ta yi sama da shekara uku a haka, tsakanin New York da Landan.

Da aka tashi mai da wasan fim, furodusan fim ɗin, Jack Warner, ya tsallake ta ya ɗauki Audrey Hepburn, wai ita ce sananniya, har sai da aka ɗora muryar Marni Nixon a kan yawancin waƙoƙin. A ganina an ƙware ta. Amma a 1964, shekarar da aka saki wancan fim, ta fito a fim ɗin Mary Poppins na Walt Disney, ta lashe kyautar Oscar da shi, fim ɗin The Sound of Music ya biyo baya a 1965.

Don a fahimci abin da ya same ta daga baya, sai an san yadda murya ke fita. A maƙoshi akwai 'yan tsokoki biyu, tsawon kowace bai kai santimita biyu ba a wajen mace, lulluɓe da tantani mai laushi. Iska daga huhu ke kaɗa su, suna haɗuwa suna rabuwa, kusan sau 200 a daƙiƙa idan ana magana, sama da sau 1,000 idan muryar ta kai ƙololuwa. Yawan bugun nan, in babu hutu, yakan haifar da kumburi, ya zama kanta irin ta tafin hannun mai aikin ƙarfi. Alamar farko ita ce saman muryar ya fara ƙin fita, sai dishewa. Galibi hutu, shan ruwa da gyaran salon rerawa ke warkar da shi, shi ya sa ƙwararru ba sa gaggawar sa wuƙa.

Ta koma Broadway a 1995 da Victor/Victoria, tana da shekara 60, maƙoshin kuma ya fara gazawa. A 1997 aka yi mata tiyata a New York don cire wani tsiro da ba na ciwon daji ba. Haɗarin irin wannan aiki shi ne tabo: idan tantanin ya warke da tauri, ba ya ƙara kaɗawa yadda ya kamata, kuma har yau likitoci ba su da hanyar mayar da laushinsa gaba ɗaya. Muryar waƙarta ba ta dawo ba. Ta shigar da ƙara a kan likitocin da suka yi mata aikin a 1999, aka sasanta a 2000, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girmamawa ta Dame.

Magana dai ba ta gagare ta ba. Ta fito a fim ɗin The Princess Diaries a 2001, ta rubuta littattafan yara da 'yarta Emma, kuma a 2020 ta zama muryar da ke ba da labari a shirin talabijin mai dogon zango na Bridgerton.