Wasiƙa daga ƙasar waje: yadda ake zana taswirar zuciya kafin a gyara bugunta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya iyali ya ƙoƙari, da fatan kowa na lafiya. Mu ma nan alhamdulillah.

Tun da aka ji cewa a ɗakin gyaran bugun zuciya nake aiki, tambayar da ta fi shigo min ita ce wai da gaske ana ƙona zuciyar mutum yana raye? Eh da gaske ne, amma ƙonawar ba ita ce mai wuya ba, kowane ɗigo ko minti ɗaya ba ya cika kaiwa. Inda gumin yake shi ne gano wajen da za a ƙona, nan ne likitoci ke cinye awanni, kuma a kansa nake so mu ɗan tattauna.

Zuciya da lantarki take aiki. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, akwai wani ɗan guri a ɗakin sama na dama da yake kunna wutar sau 60 zuwa 100 a minti in mutum na hutawa, wutar ta bi ɗakunan sama, ta ɗan dakata a wata mahaɗa, sannan ta gangara ɗakunan ƙasa su matse jini. To wani an haife shi da ƙarin hanya wadda bai kamata tana nan ba, wani kuma wani gurin ne daban yake ƙyasta wuta da gaban kansa, wani tabon ciwon zuciya da ya taɓa samu ne wutar take ta zagayawa a gefensa ba ta tsayawa, sai kaga bugu ya kai 180 ko 200 mutum na zaune bai yi gudu ba. Kamar wayarin ɗin gida ne da ya haɗe a cikin bango, ba za ka rushe gidan ba, sai ka nemo daidai inda ya haɗe.

Gwajin ECG mai zana wutar zuciya a takarda, wanda Willem Einthoven ɗan ƙasar Holan ya samu kyautar Nobel a kansa a 1924, daga saman fata yake sauraro, yana nuna yankin da matsalar take amma ba ya nuna ainihin ɗigon. Da can sai an tsaga ƙirji a ɗora na'ura a kan zuciya ana bi ana aunawa, haka Dakta Will Sealy ya yanke irin wannan ƙarin hanyar a Jami'ar Duke ta Amurka a 1968. A 1981 Melvin Scheinman ya yi gyara ta siririyar waya ba tare da tsaga ƙirji ba. Yanzu ta jijiyar gindin cinya ake zura wayoyin har su shiga cikin zuciya.

Taswirar kanta ga yadda take. A tsarin CARTO, wanda Shlomo Ben-Haim ya ƙirƙiro a shekarun 1990, ana sa maganadisu a ƙarƙashin gadon mara lafiya, a bakin wayar kuma akwai ɗan abin da ke jin maganadisun, saboda haka kwamfuta ta san inda bakin wayar yake a kowane lokaci. Duk inda likita ya taɓa bangon zuciya sai ta ajiye abu biyu, gurin da kuma lokacin da wuta ta iso gurin, ana auna lokacin da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A hankali a hankali sai siffar zuciyar mutumin ta fito a allo kana juya ta yadda kake so, inda wuta ta fara isa ja ne, sai rawaya, kore, shuɗi, har zuwa shunayya inda ta isa a ƙarshe. In jan ya taru a ɗigo ɗaya kalolin suka bazu daga nan, to ga mai laifin nan. In kuma ja da shunayya suka zo suka haɗe baki da baki, wutar zagaye take yi, sai a nemi inda hanyar ta fi matsewa a datse ta. Akwai wasu tsarin irin su EnSite da Rhythmia, shi Rhythmia wayarsa kamar ɗan kwando take buɗewa mai baki 64, tana kwasar dubban ɗigo cikin mintuna. Wani amfanin ma shi ne an rage hasken eksire da ake ta haska mutane da shi da.

Akwai kuma taswirar ƙarfin wuta, a ɗakunan ƙasa abin da ya haura milibolt (ma'aunin ƙaramar wutar lantarki) 1.5 nama ne mai lafiya, ƙasa da 0.5 tabo ne. Wani lokaci kuma rikicin ya ƙi tashi ranar aikin (wallahi wannan na ba mu haushi), sai likita ya riƙa tsokanar gurare da ɗan lantarki yana kwatanta ECG ɗin da ya fito da wanda aka ɗauka lokacin da ciwon ya tashi, inda suka yi kama sosai nan ne gurin.

Rikicin da ya fi yawa shi ne wanda ake kira AF, ɗakunan sama su daina matsewa su koma karkarwa, jini ya kwanta ya daskare, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ninka kusan sau biyar. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bodo ta Faransa suka nuna cewa yawancin tartsatsin daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu yake fitowa. Shi ya sa yanzu ake zagaye bakin jijiyoyin nan guda huɗu da tabo don wuta ba ta ratsa tabo, ko da zafi, ko da sanyin ƙanƙara, ko da sabuwar hanyar bugun lantarki mai ƙarfi da Amurka ta amince da ita a ƙarshen 2023, bayan an gama a sake shiga da waya a tabbatar ba ɓarakar da ta rage.

Ni dai a ganina kalolin nan na iya ruɗar mutum, in wayar ba ta taɓa bango da kyau ba sai kwamfuta ta zana tabo inda babu tabo, shi ya sa ƙwararrun ba sa yarda da hoton sai sun koma sun duba layukan wutar da idonsu. Kuma aikin na da haɗarinsa, waya na iya huda bango jini ya taru, bututun abinci yana manne da bayan zuciya ƙuna na iya taɓa shi, AF kuma yakan dawo wa wasu har a sake shiga, balle wanda ya daɗe da shi. Ba kowa ma ke buƙatar aikin ba, wasu magani ya ishe su.

Don Allah duk wanda zuciyarsa ke tashi da gudu haka kawai gudun kuma ya lafa haka kawai, ya yi ƙoƙari a ɗaukar masa ECG a daidai lokacin da take yi, in ya lafa kafin ya isa asibiti ya tambaya ko akwai ƙaramar na'urar Holter da ake maƙalawa a jiki ta kwana tana naɗa. Ya ajiye takardar, ya ɗau hotonta a waya don zanen na dushewa, da ita likita zai fara sanin ɗakin zuciyar da zai shiga. In kuma abin ya zo da suma ko ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, kar a jira gari ya waye.

A gaida kowa da kowa, Allah ya ƙara mana lafiya.

Ɗan uwanku daga ƙetare.