Yau ina fashin salla

Alhamis, bayan Isha

Jinin ya dawo. Na fara rubuta shi a sama don in gan shi a rubuce, domin tun safe zuciyata ta ƙi yarda.

Ciwon mara ne ya tashe ni kafin kiran farko, irin ciwon da na riga na manta kamanninsa. Na ɗauka kumburin nan ne da ke damuna tun da na koma cin abinci sosai. Na ɗauki buta na shiga banɗaki, sai ga shi. Ba yawa, launinsa ma ya fi kusa da ruwan ƙasa, amma shi ne. Na daɗe a tsugune har Umma ta buga ƙofa ta ce, "Ke, lafiya? Mutane na jira."

Ko auduga ba ni da ita. Wadda ke durowata tuntuni na ba ƙanwata, tunda ajiyar banza ce. Dole na tashi Yaya daga barci, na raɗa mata a kunne. Ta yi zumbur ta zauna, ta ce, "Ki rantse." Na ce wallahi. Ta rungume ni har ɗankwalinta ya zame, sannan ta jawo fakiti guda ta danƙa mini ta ce in riƙe duka.

Da aka shimfiɗa darduma ni ina zaune a bakin gado. Umma ta leƙo ta ce, "Ba za ki tashi ki yi salla ba?" Na sunkuyar da kai na ce, "Umma, ina fashi." Ta tsaya riƙe da labule. Ba ta ce komai ba sai "To. Madalla." Ta saki labulen ta tafi. Can bayan an idar na ji ta a kicin tana dama kunun gyaɗa tana jan hanci, ta ce wa ƙanwata wai hayaƙi ne. A kan gas take girki.

Wanda bai tashi a gidan mata da yawa ba ba zai gane yadda darduma ke tona asiri ba. Ba a tambaya, ba a faɗa, amma kowa ta san lokacin kowa. Ni kuwa wata ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ban taɓa ajiye salla ba. Watan azumi ya kama, na kai shi har ƙarshe ban sha ko ɗaya ba. Da farko har yaba mini aka yi. Gwaggo ce ta fara lissafi, kuma lissafin Gwaggo wuri ɗaya yake zuwa idan budurwa ta daina ganin wata. Ba zan manta ranar da aka sa ni a adaidaita aka kai ni awon fitsari ba, Umma na gefe guda tana kallon titi, ni ina ɗaya gefen. Sakamako ya fito babu komai, amma har yau ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Daga nan aka koma olsa, aka koma taifot, aka koma aljani. Na sha ruƙiyya, na sha hulba da kanumfari har warinsu ya kama mini fata. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayoyin tsarin iyali ya ce za su saukar da jinin. Sun saukar kuwa, gida ya yi murna na mako guda.

Abinci ne kaɗai ba wanda ya zarga. Ina za a zarge shi, a garin da 'yan mata ke neman sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki? Wata ƙawar Umma da ta ji sunan ciwona, anoreksiya, wato ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, dariya ta yi ta ce wannan ai na 'ya'yan Turawa ne da abinci ya yi wa yawa. Ga kuma azumin Litinin da Alhamis da na maida mafaka: wa zai ce wa yarinya mai ibada ki karya? Ni nake girka wa gida abinci, ni nake zubawa, ni nake tura wa kowa ƙari, ba wanda ya lura cokalina bai shiga ba.

Likitar matan da muka dace da ita daga baya ita ce ta fara tambayata abin da na ci jiya, tun daga safe har dare, kuma ta jira amsar. Ta zana mini a bayan kati yadda abin yake. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, haifotalamas, shi ke aika saƙo lokaci-lokaci zuwa wata ƙaramar halitta da ke ƙarƙashinsa, ita kuma ta saki sinadaran da ke tayar da gidan ƙwai, ƙwai ya nuna, a samu sinadarin mata da ake kira istirojin, mahaifa ta yi shimfiɗa. In abin da ke shiga jiki bai kai abin da yake kashewa ba, sai saƙon farkon ya ja baya, komai na ƙasa ya tsaya. Kitsen jiki ma yana da nasa sinadarin, leftin, mai kai wa ƙwaƙwalwa rahoton ko akwai ajiya. Ta ce in ɗauka uwargida ce aka rage wa kuɗin cefane: ba za ta bar gida ba tuwo ba, amma nama za ta fara yankewa, sai madara, sai baƙi ma ta daina gayyata. Zuciya da huhu ne tuwon. Haihuwa, ɗumin ƙafa, gashin kai, su aka fara sokewa. Shi ya sa nake sa safa a watan Afrilu a Kano, mutane na neman inuwa ni ina neman rana.

Ƙwayoyin kemis kuwa ta ce in daina. Jinin da suke kawowa na janye magani ne, ƙwai bai fita ba, ƙwaƙwalwa ba ta farka ba, sun rufe mana ido ne kawai. Ta ce tun 2017 ƙungiyar likitocin homon, wato irin waɗannan sinadaran jiki, ta Amurka ta ba da shawarar kada a ba mace irina waɗannan ƙwayoyi don kawai a ga jini ko don a kare ƙashi. Maganin yana cikin kwano.

Saboda haka yau ya kamata in yi ta murna, ko ba haka ba? Na yi, har wajen ƙarfe goma. Na sha kunun, na ci ƙosai, na aika wa likita saƙo ta WhatsApp. Daga nan muryar ta zo.

Ban san yadda zan kwatanta ta ga wanda bai taɓa jin ta ba. Ba aljani ba ce, da muryata take magana, kuma wayo gare ta. Ba ta ce kar ki ci ba. Cewa ta yi: to ai ga shi kin warke, an samu abin da ake nema, sauran na mene ne? Ki rage abincin ƙarfe huɗu. Ki rage man da ke cikin miya. Sannan ta sauya salo ta ce: kin san ma'anar jinin nan? Kin yi ƙiba ke nan, jikinki da kansa ya sa hannu. Na tsaya gaban madubin Yaya na ɗaga riga. Cikin nan da ya fara cika kafin ko'ina, wanda masaniyar abinci ta ce haka yake yi da farko, daga baya ya rarrabu, yau ga shi ya ƙara kumbura saboda al'adar. Na saki rigar na fita tsakar gida don kar in zauna ni kaɗai.

A nan na yi karo da maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, masha Allah! Wa zan gani haka? Kin murje, har kumatu kin ajiye." Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani, a bakinta wannan addu'a ce. Na ce mata na gode, Anti. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Amsar likita ta shigo ina cikin haka. Ta taya ni murna da alamar tafi har uku, sannan ta rubuta: kar ki taɓa komai a tsarin cin abincinki. Ta ce zuwa ɗaya ba ya nufin an daidaita, tana son ta gan shi wata uku a jere kafin ta saki jiki, kuma na farkon nan yana iya zuwa ba tare da ƙwai ya fita ba, na biyun yana iya yin latti. In na rage abinci yanzu, ƙwaƙwalwar da ta fara yarda za ta sake rufe ƙofa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na ƙarshe. Ta ce a da likitocin ƙwaƙwalwa ba sa kiran ciwon da sunansa sai mace ta rasa al'ada wata uku, amma a 2013 ƙungiyarsu ta Amurka ta cire wannan sharaɗi daga kundinta, domin akwai mata da ke cikin tsakiyar ciwon jininsu na zuwa, ga kuma maza da ke fama da shi. Wato jinin bai taɓa zama ma'aunin ciwon ba, don haka dawowarsa ba takardar sallama ba ce.

Gaskiya na ji haushi. Na daɗe ina ɗora komai a kan ranar nan. Duk lomar da na haɗiye da ƙyar, cewa nake don jinin ya dawo. Ina tsammanin ranar da ya zo zan wayi gari na ga shinkafa a matsayin shinkafa. Ga shi ya zo, jiki ya yi gaba, kai yana baya yana jan ƙafa.

Na rana shinkafa da wake ne da mai da yaji, Umma ta yanka ƙwai da latas a kai. Ita ke zuba mini har yanzu, haka muka yi yarjejeniya, ni ba na riƙe ludayi. Na kalli man ƙulin da ke ƙyalli a gefen faranti, muryar tana lissafi. Yaya ta zauna kusa da ni da nata farantin tana ba ni labarin rigimar ofishinsu, ba ta kalli hannuna ko sau ɗaya ba, kuma na san da gangan ne. Na cinye. Ya ɗauke ni lokaci, ya huce kafin in gama, amma na cinye. Na ƙarfe huɗu ma, fura da nono da dabino, na sha a gaban ƙanwata don in samu shaida.

Ƙashina nake tunawa in abin ya yi tsanani. Hoton da aka yi mini ya nuna na gadon bayana bai kai na sa'o'ina ƙarfi ba. Istirojin ne ke tsare ƙashi, kuma yawancin ƙarfinsa kafin shekara 30 ake tara shi, bayan nan sai dai a ci daga ajiya. Duk watan da jinin bai zo ba asara ce a wurin da ba a gani, kuma likita ba ta ɓoye mini cewa ba lallai duka ya dawo ba. Hajiya kakata ta karye a ƙugu tana da shekara saba'in da wani abu, ba ta ƙara tafiya ba sanda ba. Ni ban kai talatin ba.

Da la'asar na kira Malamarmu ta Islamiyya, don ita ma ta sha fama da ni. Ita ce ta zaunar da ni kwanaki kan azumin nafila, ta karanto mini abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Abdullahi ɗan Amru da yake azumi kullum: jikinka yana da haƙƙi a kanka. Yau da na gaya mata ta yi hamdala, ta tuna mini da hukunce-hukuncen da na kusa mantawa, har da cewa a mazhabarmu mafi tsawon haila kwana 15 ne. Na tambaye ta azumi mai zuwa. Ta ce wannan ba yau za a yanke ba, in lokaci ya yi a ji ta bakin likita, marar lafiya Allah da kansa ya yi masa rangwame, kuma kar in fara yi mata wayo da ibada. Ta san ni.

Abba bai san komai ba, a hukumance. Amma da ya dawo daga masallaci bayan Magariba da ƙunshin balangu ya shigo, ranar da ba albashi ba baƙo. Ya miƙa wa Umma ya ce a ba yara, ya wuce ɗakinsa. Umma ta buɗe takardar ta ware mini wajen da ya fi kitse. Na harare ta, ta harare ni. Na ci.

Yanzu marar na murɗawa, na sha farasitamol, Yaya ta cika mini gora da ruwan zafi ta naɗe da tsumma. Ƙuraje biyu sun fito mini a haɓa, kuma yanzu na gane dalilin ciwon ƙirjin da na yi ta ji makon jiya. Na sa alama a kalandar waya. Wani ɓangare nawa yana addu'ar ya dawo wata mai zuwa, wani ɓangaren yana fatan kar ya dawo, kuma duka biyun zan faɗa wa likitar ƙwaƙwalwa ranar Talata yadda suke.

Asabar za mu je wurin tela saboda ankon bikin 'yar Kawu. Awon da ke littafinsa na lokacin da nake rame ne, dole a sake. Na roƙi Yaya ta riga ni shiga ta gaya masa ya rubuta lambobinsa shiru, kar ya karanto su da ƙarfi kamar yadda ya saba, kuma kar ya ce komai a kan jikina, ko yabo ne. Ta ce in ya buɗe baki ita da shi ne.