Maganar da na daina faɗa wa sojan da ya tsira

Na fara aikin jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙarshen 2018, daidai lokacin da labarin Metele ya cika gari, inda mayaƙan ISWAP, wani ɓangare na Boko Haram, suka afka wa sansanin bataliya ta 157 a arewacin Borno cikin watan Nuwamba. Ba a daɗe ba aka kawo mana wani kofur da ya dawo daga yankin Tafkin Chadi, babu ko ƙwarzane a jikinsa.

Da aka tambaye shi abin da ke damunsa, ciwon kai ya ce, sai zafi a tsakar ka. Soja ba ya buɗe baki ya ce tsoro yake ji, don a bariki sunan wannan ragwanci. Matarsa ce ta ja ni gefe: "Sista, ba ya barci. Da takalmi yake kwana. Ran nan yaro ya fasa balan-balan, sai ga shi rub da ciki a tsakar gida." Ni ma na lura ba ya zama sai bayansa na jikin bango, idonsa a ƙofa.

Ranar da ya saki jiki da ni, ya ce sojan da aka kashe a ramin gadi shi ne ya karɓe shi a gadin, minti kaɗan kafin a buɗe wuta. Ni kuwa da ɗanyen kai na ce, "Oga, sai haƙuri, ka gode wa Allah ka tsira da ranka." Ya dube ni ya ce, "Haka ne, Sista." Sati biyu daga gaisuwa bai ƙara mini komai ba.

Babbar nas ɗinmu ce ta ganar da ni cewa tsirar ce ke cin sa, ni kuma na miƙa masa ita a matsayin lallashi. Likitoci na kiran ciwon PTSD, wato damuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma sai a 1980 ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamominsa su ne mugun mafarki, zabura, saurin fushi, gudun duk abin da zai tuno ranar, a shafe fiye da wata guda a haka. Wasu sai su koma tramol ko wiwi.

Ba tawakkali nake kushewa ba. 'Yan uwansa sun ce a yi ruƙiyya, ban hana ba, na dai roƙi kada su yanke zuwa asibiti. Gaggawar da na yi ce laifina.

Yanzu "Oga, yaya barci?" nake fara tambaya, sannan in kama bakina. Bayan wata uku matar kofur ta ce ya fara cire takalmi da dare. Kujerar jikin bango kuwa, har aka sallame shi bai bar wa kowa ba.