Littattafan wasan tsoro: wanne za a fara da shi a Damagaram, wanne zai jira

Wasan da nake magana a kai ba na salula ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna a tabarma, ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda da zai zama a cikin labarin, ɗan lido kuma ya raba gardama idan an gwada abu mai wuya. Babu kuɗi a ciki, kada wani dattijo ya wuce ta gaban fada, wato majalisar samari, ya ce ana caca. Nau'in da nake nufi, irin su Call of Cthulhu, wanda ya samo asali daga labaran H. P. Lovecraft, marubucin Amurka da ya rasu a 1937, tsoronsa daban yake da na dodo. Tsoron shi ne mutum ya gano akwai halittun da suka girme wa duniya, kuma ko sanin da zamansa ba su yi ba.

Littattafan suna da nauyi, kuɗin kawo su Zinder na iya kamo kuɗin littafin kansa. Don haka tsarin saye ya fi yawan saye muhimmanci, kuma na farko ba saye ba ne ma. Kamfanin Chaosium, wanda ya fitar da Call of Cthulhu a 1981 daga alƙalamin Sandy Petersen, yana ba da taƙaitattun dokokin bugu na 7 kyauta a intanet, tare da labari guda mai suna The Haunting, na wani gida a birnin Boston. Zama ɗaya ko biyu ya ishe shi. A kai wa mai fotokopi takardun ƴan wasa da wasiƙun da za a miƙa musu kawai. Sauran a karanta a salula, domin shafukan masu duhu suna shan tawada.

Dokar ba ta da wuya. Kowace ƙwarewa lamba ce cikin ɗari. Mai 60 a bincike sai ya jefa 60 ko ƙasa. In abin mai wuya ne, rabi, wato 30. In ya tsananta, kashi ɗaya cikin biyar, wato 12. Matsalar ita ce ɗan lido mai fuska goma, wanda ba kowane shago ke da shi ba. A sami murfin kwalba ashirin, a rubuta 0 zuwa 9 a cikin goma na farko, haka ma goma na biyu, a zuba a kwano biyu: ɗaya na gomomi, ɗaya na ɗaiɗai. Sifiri biyu ɗari ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne manta mayar da murfin cikin kwano bayan an zaro, sai lissafin ya karkace ba wanda ya lura.

Makin hankali, wanda ke raguwa duk lokacin da mutumin cikin labari ya ga abin tsoro, shi ne zuciyar wasan, kuma nan sababbin masu riƙe labari suke tuntuɓe. Wanda ya rasa 5 ko fiye a karo ɗaya zai gwada basirarsa, kuma in ya ci gwajin ne hankalinsa ke gushewa na ɗan lokaci, saboda ya fahimci abin da ya gani. Mutane da yawa suna juya wannan baibai. Wanda ya rasa kashi ɗaya cikin biyar a yini guda, misali 10 daga cikin 50, nasa ya fi daɗewa.

In fada ta ɗanɗana ta ce a ƙara, sai Keeper Rulebook, cikakken littafin dokokin, mai shafi sama da 400. Kwafi ɗaya ya wadatar, na mai riƙe labari. Investigator Handbook na ƴan wasa ne, yana da daɗi amma ana iya shekara ba a buƙace shi ba. Wanda Faransanci ya fi masa sauƙi, wasan yana nan da sunan L'Appel de Cthulhu tun 1984. A duba dai bugu na 7 ne, don tsofaffin bugu lambobin halayen mutum ba iri ɗaya ba ne, sai an yi ta ninkawa da biyar.

Akwai wata cuta da wannan wasa ya daɗe da ita: alamar da labari ya dogara da ita tana ɓoye bayan jifa guda, aka faɗi, sai kowa ya zuba tagumi shayi na hucewa. Trail of Cthulhu na Kenneth Hite, wanda Pelgrane Press ta fitar a 2008, don maganin wannan aka gina shi. Mai ƙwarewar da ta dace, in ya je wurin ya duba, ya samu alamar ba jifa. Ɗan lido na gida mai fuska shida kaɗai yake buƙata. Ko ba a saya ba, a ari dokar nan a saka cikin kowane wasa.

Ni dai in za a tambaye ni wanda ya fi dacewa da zaman dare a ƙofar gida, Cthulhu Dark na Graham Walmsley ne. Dokokin asali ƴan shafuka ne, kuma a cikinsu duk wanda ya tsaya faɗa da halittar ya mutu, ba jayayya. Wannan layi ɗaya yana kashe ɗabi'ar samarin da suka saba da finafinan harbi. Cikakken littafin na 2017 har da labarin wata ƙasa ta ƙirƙira a Afirka ta Yamma.

Guda biyu kuwa a jinkirta su duk da sunansu. Masks of Nyarlathotep, na 1984, wanda aka faɗaɗa a 2018, yana yawo daga New York zuwa Landan, Alƙahira, Kenya, Ostiraliya da Shanghai a shekarar 1925. Gwani ne, amma shafi sama da 600 ne, yana cin watanni, kuma in mutum biyu suka tafi Yamai karatu wasan ya mutu a hanya. Malleus Monstrorum kuma kundin halittu ne. In ya faɗa hannun ƴan wasa suka haddace lambobin, abin tsoro ya zama akuyar kasuwa da ake taya wa farashi.

Lovecraft yana da wariyar launin fata, tana nan a rubutunsa ƙarara, kuma ta ɗiga cikin wasu tsofaffin littattafan wasan, inda baƙar fata ɗan dako ne ko matsafi. Harlem Unbound na Chris Spivey, 2017, ya nuna yadda ake ɗora baƙar fata a tsakiyar labari. Stealing Cthulhu, na Walmsley mai Cthulhu Dark, yana koyar da warware tsohon labari a sake ɗinka shi a wani wuri, kuma wurin yana gabanmu. Wasan ya fi son shekarun 1920, lokacin da Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Ga duwatsun Birni, ga ayarin da ke sauka Zango tsakanin Agadas da Kano, ga ƙarancin ruwa da ya sa ake ta haƙa. Sai a ƙirƙiro tafinta da ke ɗaure takardun ofis don tafiya Yamai, ya tarar da akwatin da babu shi a rajista, da mai haƙar rijiya da ya fito bai ƙara magana ba. Aljanu da bori da ayoyi a bar su waje, akwai wanda zai tashi daga tabarmar, kuma da gaskiyarsa. Abin da ke ƙasan rijiyar kada a ba shi suna, a faɗi sanyin igiyar da aka jawo da warin da ya biyo ta.