Gidan da yake kwanciya a kan ƙasa

Ofishina ɗaki biyu ne a Zariya. Ni ke zana gidaje, akwai yaro ɗaya a kan kwamfuta, birkila da kafinta kuwa sai aiki ya samu nake kiran su. Hoto ɗaya ne a bangon, na gidan Robie da ke Shikago a Amurka, wanda Frank Lloyd Wright ya zana aka gama shi a 1910. Kusan duk wanda ya shigo sai ya tambaya ko makaranta ce.

Salon sunansa Prairie, wato sunan shimfiɗaɗɗen filin ciyawa na tsakiyar Amurka. Wright da abokan sana'arsa suka ga ƙasarsu a kwance take, suka ce to gida ma ya kwanta. Rufi ba tsini, bakinsa ya miƙo can waje, tagogi a jere kamar layin sallah, murhun jin ɗumi a tsakiya, ɗakuna suna buɗewa cikin juna. A gidan Robie rufin ya fito wajen ƙafa 20 ba ginshiƙi a ƙarƙashinsa, ƙarfe ne a ɓoye yake riƙe da shi.

Abin da ya fi burge ni ƙarami ne. Jan bulon gidan siriri ne dogo. Simintin da ke kwance tsakanin layi da layi an ƙwaƙule shi ya shige ciki, na tsaye kuma an cike shi daidai da fuskar bulo, an ba shi launinsa. In ka tsaya daga nesa layuka kawai kake gani a miƙe. Ranar da na nuna wa birkilana, tsoho ne da ya girmi mahaifina, ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, wannan ai ɓata lokaci ne."

"Baba, a gwada bango ɗaya dai."

Da rana ta karkata inuwa ta zauna cikin layukan, shi da kansa ya kira leburori su zo su gani.

Ba duka nake ɗauka ba. Murhu a tsakiyar falo ba namu ba ne, kuma gidan da baƙo zai hango kicin daga ƙofa ba mai gidan da zai karɓa a nan, dole a raba wajen baƙi da cikin gida. Bakin rufin nan dai kamar don ranarmu aka yi shi: bango ba ya shan zafi, ruwan damina ba ya dukan taga.

Wahalar ita ce shawo kan mai kuɗi. Yawanci bene ake so da rufi mai tsini, a hango daga titi. Wani Alhaji da fulotinsa ke da dutse da tsohuwar tsamiya ya ce a fasa, a sare. Sati uku ina lallashi kafin ya yarda gidan ya zagaye su.

A nan kuma na sha kunya. Na miƙo bakin rufi ƙafa 6 da katako zalla don a rage kuɗi, iskar farkon damina ta ɗage kwano ta yar a gonar maƙwabci. Daga aljihuna na sayi ƙarfe aka sake. Yanzu a ƙarƙashin rufin nan Alhaji yake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ko da yake har gobe in mun haɗu sai ya ce da bene ya yi.